Nana Asma'u: Mun Riƙe Sunan, Mun Yar Da Aikin

A duk tarihin ƙasar Hausa babu macen da muke ci wa amana cikin ladabi kamar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, amma don Allah a bar ni in kai aya. Zaga Arewa ka gani: Islamiyya sunanta, ɗakin kwanan ɗalibai mata sunanta, ƙungiyar mata sunanta. Duk ranar da aka tara mata za a yi musu lacca, sai mai jawabi ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Ku yi koyi da Nana Asma'u," a tafa, a raba lemo, a watse. To, tare shi a bakin ƙofa ka ce, "Malam, faɗa min sunan waƙarta guda ɗaya tak." Nan za ka ga ido ya raina fata.

Hoton da aka zana mana shi ne na wata tsohuwa mai carbi a ƙuryar ɗaki tana koya wa mata alwala. Ta koyar da alwala, babu musu. Amma an yanke abu biyu daga jikin hoton, kuma su ne suka fi shafar mu masu karatun littattafai da kallon fim. Matar nan mawaƙiyar yaƙi ce. Sannan ma'ajiyar littattafai ce, wato irin wadda yau za a ce mata mai kula da laburare.

Mu fara da yaƙin. An haife ta a Ɗegel a 1793, 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara kusan 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Bayan 'yan watanni aka gwabza a Tabkin Kwatto aka yi nasara, sai kuma Tsuntsuwa da Alwasa suka biyo baya, inda jama'ar Shehu suka sha kashi, aka rasa malamai da mahaddata masu yawa, ga yunwa ga ciwo ga yawo daga wannan sansani zuwa wancan. A cikin wannan ƙura yarinyar ta girma, a cikinta aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu, amma duk wanda ya ce maka yaƙi ya ƙare a ranar bai karanta tarihi ba. Shehu yana rasuwa a 1817 tawaye ya tashi ta ko'ina. Bello ya yi shekara 20 yana mulki, kusan kullum ƙafarsa a kan likkafa. Har Asma'u ta koma ga Mahaliccinta a 1864 Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ba su ajiye makami ba. Ke nan tun ƙuruciya har tsufa matar nan ba ta san ƙasa ba tare da ƙarar tambarin yaƙi ba.

Mu nan yammacin Kano ma ba baƙin wannan labari ba ne. A Kwazazzabon 'Yar Kwando masu jihadin Kano suka taru, kuma Gammo da Godiya, maƙwabtanmu mu mutanen Masanawa, da Ƙaraye, suna cikin garuruwan farko da wutar ta taɓa, kafin a kai ga Ɗan Yaya inda aka karya rundunar Sarkin Kano Alwali. Amma tambayi ɗan sakandare a Kabo ko Gwarzo, sai ya ba ka labarin yaƙin duniya na biyu ya kasa ba ka na bayan gidansu. Da ba don irin su Alƙali Muhammadu Zangi sun zauna sun rubuta ba, da abin da ya rage mana bai wuce tatsuniya ba.

Asma'u ba ta hau doki ba, ba ta riƙe mashi ba. Alƙalami ta riƙe, kuma ba ta yi masa riƙon wasa ba. A 1822, abokan gaba sun matso, hankalin Sakkwato a tashe, ta tsara gajeruwar waƙa da Fulatanci wadda farkon baitocinta ke bin haruffan ayar nan ta Suratul Inshirahi mai yi wa wanda ke cikin tsanani albishir da sauƙi. Aikin waƙar a fili yake: a riƙe zukatan waɗanda aka bari a gida. Bayan rasuwar Bello a 1837 ta tsara tarihin jihadin tun daga Ɗegel, zango-zango, fage-fage, a waƙar da ƙanenta Isa ya mayar Hausa, wadda muka sani da Waƙar Gewaye. Ta yi waƙa kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya taron dangin Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Ta kuma yi wadda babu ɓoye-ɓoye a cikinta, tana roƙon Allah ya karya Mayaƙi, Sarkin Gobir na Tsibiri, wanda ya hana Sarkin Musulmi Aliyu Babba barci. Wannan ce tsohuwar da aka ce mana ba ta san komai ba sai ɗaka?

Abin da ya fi burge ni a marsiyyoyinta shi ne inda ta sa nauyi. Da ta zo yi wa Bello, mutumin da ya ci yaƙoƙin da maroƙa za su shekara suna yi wa kirari, sai ta fi tsayawa kan halinsa, iliminsa, adalcinsa, da yadda yake jin kukan mai ƙaramin ƙarfi. Kuma alƙalamin da ya yi wa Sarkin Musulmi marsiyya shi ne ya yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba sarauta gare ta ba, kirki kawai. Mawaƙanmu na yau da ba sa buɗe baki sai an nuna musu makullin mota, su ji da kyau.

Sai dai fa kada a ce na zo shafa wa tarihi hoda. Waƙar yaƙi ba ta san tsaka-tsaki ba, kuma ta Asma'u ba ta fita daban ba. Bagobirin Tsibiri ko na Sabon Birni in ya ji yadda aka ambaci kakanninsa a waƙoƙin nan ba zai tafa ba, kuma yana da nasa labarin da ya gada. An kama mata da yara a yaƙoƙin nan an kawo su cikin gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Masu son su mayar da ita waliyyiyar da ba ta taka ƙasa ba, ba sa son a faɗi wannan. Su kuma 'yan ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da ke ɗaukar ta su kai taron otal su sa mata rigar da aka ɗinka a Turai, su ma ba sa so, don yana ɓata musu lissafi. Alhali a nan ne girman aikinta yake. Matan da aka kamo ba sa jin Larabci, ba sa jin Fulatanci, da yawansu da bori suka tashi, a ƙarƙashin Innar Gobir. Me 'yar Shehu ta yi? Ta sauko da ilimi cikin Hausa, cikin waƙar da za a iya rerawa ana daka ko ana kaɗi. Ta zaɓi dattawan mata amintattu ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, irin alamar da matan suka saba gani a kan Inna, ta tura su ƙauyuka su taho da mata su koma da karatu. 'Yan Taru ke nan, waɗanda har bayan zuwan Turawa ba su daina tafiya Hubbare ba. Ta dubi abin da mutane suke so, ta cika shi da abin da take so su sani. Wannan ai darasi ne ga duk mai riƙe da alƙalami ko kyamara.

To, mu zo kan littattafan, domin nan ne ƙaiƙayin yake.

Mai karatu, manta da littafin da ka sani mai bango da lambar shafi. Littafi a zamaninsu warwarar takardu ne, ba ɗinki, ba lamba. Abin da ke nuna maka shafi na gaba shi ne kalma ɗaya da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe na gaba. A haɗa su a sa cikin gafaka ta fata. Takardar kanta daga Italiya take tasowa, ta sauka Tarabulus, ta keto Sahara a bayan raƙumi, don haka kowane falle kuɗi ne. Iska ta kaɗa, littafi ya watse. Damina ta yi yoyo, tawada ta narke. Gara ta samu hanya, an gama. Gobara kuwa ba a magana. Kuma babu injin buga littafi. In kana son kwafi na biyu sai wani ya zauna ya juya shi da hannu, harafi bayan harafi. A haka jama'ar Shehu suka ɗora littattafai a kan raƙuma ranar hijira, suka yi ta yawo da su tsawon shekarun yaƙi. Mutanen da ke gudun ceton rai, amma ba su bar gafaka a baya ba!

Da Shehu ya rasu ya bar tarin rubuce-rubuce, nasa da waɗanda ya gada da waɗanda ya juya, na Larabci da na Fulatanci, sun sha tafiya sun sha ƙura. Masu binciken rayuwar Asma'u, musamman Jean Boyd, sun nuna ita ce ta tsaya kan tattara su da tantance su da tsara su. A yi tunanin aikin: sai ka san littafi ciki da bai kafin ka ɗauki falle ɗaya da ya ɓalle ka ce ga inda ya fito. Aikin da ba a yi wa guɗa ke nan, ba a yi masa kirari, amma in babu shi babu sauran.

Kuma in ka duba waƙoƙinta da kyau za ka ga hannun mai tsara taska a cikinsu. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeruwar waƙa, ta yi da Fulatanci, ta yi da Hausa, ta yi da Larabci, don mace ko ba ta iya karatu ba ta riƙe jerin a ka. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci kan salihan mata, ita ta mayar da shi waƙa, Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, ta haɗa da matan zamaninta da ta sani ido da ido. Tabbat Haƙiƙa da ake rerawa har yau, Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi. Ita ta gane cewa littafin da ke kulle a harshen da jama'a ba sa ji, da shi da wanda gara ta cinye duk ɗaya ne.

Daga gidan Giɗaɗo takardun nan suka yi ta sauka hannu zuwa hannu har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda ya fito daga wannan zuriya, ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa Jean Boyd taskarsa. Ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta kusan 60 a kundi ɗaya a 1997. A ina aka buga? A Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, da fassarar Ingilishi. Allah ya saka musu, ba da su nake ba. Malamanmu na jami'a irin su Bello Sa'id ma sun yi aiki a kan waƙoƙin masu jihadi tun shekarun 1970. Amma ina wannan ya iske yarinyar da ke aji biyar a sakandaren 'yan mata ta karkara? Matar da ta ƙarar da rayuwarta tana sauko da ilimi daga Larabci zuwa Hausa don 'yar ƙauye, yau mun mayar da ita sama, cikin Ingilishi da kundayen digiri, inda 'yar ƙauyen ba za ta kai hannu ba. Haba jama'a!

Kada kuma marubuta da 'yan fim su ce wannan laifin gwamnati ne su juya baya. Mu dubi namu gidan. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, an buga littattafan Hausa da ba a taɓa buga yawansu ba a tarihin harshen. Ina suke? Waɗanda suka yi suna ana samu. Sauran fa? Shagunan haya sun rufe, buhunan littattafai sun tafi wurin mai ƙosai da mai tsire. Akwai marubucin da in ka nemi littafinsa na farko sai ya ce ka taya shi cigiya. Jerin littattafan da aka buga daga 1987 zuwa 2002, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka tsara shi, aka buga a 2004, tarin littattafan kuwa yana Landan. A gida, in ka cire ɗaiɗaikun mutane irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka ɗora wa kansu tarawa, wa ya damu? Na fim ya fi muni. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin Sangaya da Wasila, finafinai nawa ne uwar kaset ɗinsu ke nan lafiya? Kaset ya wuce, faifan sidi ya bi shi, yanzu komai ya koma waya da YouTube, inda rufe shafi ɗaya ko faɗuwar waya a kwata ke tafiya da aikin shekara biyar.

Sakaci ke nan. Akwai kuma ganganci. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun A Daidaita Sahu, ta tara littattafan hikaya da aka ƙwace daga hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ban ce duk abin da aka ƙona alheri ne ba. Akwai shirme a kasuwar littafi, akwai batsa, akwai wanda ko sau ɗaya marubucinsa bai sake karantawa ba kafin ya kai maɗaba'a, kuma ba zan haɗa su da Godaben Gaskiya ba ko a mafarki. Amma masu murna da wutar nan su ne dai masu cewa a yi koyi da magabata, to ga abin da magabatan suka yi. Lokacin da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai, Bello bai ce "to sai me" ba. A Infaƙul Maisuri ya kare kansa, ya ba da labarin yadda a wani gari da aka ci ya ga iska na watsa takardu, ya bi yana tsincewa har ya gaji, ransa ya ɓaci, ya tara mutane ya tuhume su. A fagen fama ke nan, takardun abokan gaba. Ita kuma ƙanwarsa da ta ga mata na rera abin da ba ta so, sai ta ba su wanda ya fi shi daɗin rerawa. Wanda ya ga littafin banza a hannun 'yarsa, ina nasa mai kyau da ya rubuta mata?

Ku kuma 'yan'uwana mata marubuta, da kuke cewa Asma'u kakarku ce duk lokacin da wani ya ce rubutu ba aikin mace ba ne, kun yi gaskiya, kuma hujja ce da ba ta da amsa. Amma gado da nauyinsa yake zuwa. Matar nan harshe huɗu take ji, har da na Abzinawa, uku take rubutu da su, kuma malamai daga nesa, har daga Shingiɗi, sun yi musayar rubutu da ita. Ba a shiga inuwarta da labarin Alhaji mai mota goma da aka rubuta cikin kwana huɗu.

'Yan fim kuma kullum kukansu babu labari, shi ya sa ake wanko na Indiya. Ga labari nan a ƙofar gida, da hijira da yunwa da cin amana da soyayya da rashi. Za a ce ba ya yiwuwa a sa wata jaruma ta fito a matsayin 'yar Shehu. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma duk furodusan da ya kuskura ya sa ta rawa a gindin bishiya, ni zan fara kai ƙararsa. Amma wa ya ce sai an nuna fuskarta? Mustapha Akkad ya yi The Message a 1976 bai nuna Manzon Allah (SAW) ba, kuma babu gidan da ba a kalle shi ba a ƙasar nan. A ɗauko wata Bagobira da aka kamo a Gawakuke, mijinta ya mutu a fage, ta tashi da bori, ta tsinci kanta a gidan waɗanda suka kashe shi, har ta kai ga ranar da za a ɗora mata malfar jaji, ko ta karɓa ko ta ƙi. Muryar Asma'u daga bayan labule ta isa. In mun tsaya jan ƙafa, wasu za su yi mana, kamar yadda aka yi fim ɗin Sarauniya Amina da Ingilishi aka sa a Netflix a 2021, muka koma gefe muna ƙorafin an ɓata mana tarihi. Inyamurai suna da Christopher Okigbo, mawaƙin da ya yi aikin laburare a Jami'ar Nsukka ya mutu a fagen yaƙin basasa a 1967. Ɗan ƙaramin kundi ya bari, amma ba su bar shi ya kwanta ba, har Ali Mazrui na Kenya ya rubuta littafin hikaya sukutum a kansa. Tamu ta bar kusan 60.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kwamiti. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye. Marubutanmu nawa suka taɓa kaiwa? Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta hannunta finafinai ke bi kafin su shiga kasuwa, don haka babu wanda ya kai ta damar tara taskar fim ɗin Hausa. Ta fito ta gaya mana abin da ta adana, ta buɗe wa masu bincike. Ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano da MOPPAN su nemi ɗaki ɗaya mai rufin kirki da makulli, ko a Laburaren Murtala Muhammed ne, su sa kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da ya rage a hannunsa kafin shi ma ya bi sawu. Sannan wani mai maɗaba'a ya nemi izinin gidan Waziri, ya ɗauki waƙoƙin Asma'u na Hausa ko guda biyar ne, a rubutun boko da ajami, da ɗan bayanin kalmomin Sakkwatanci a ƙasa, ya buga su a girman littafin soyayya da farashinsa, a kai kasuwar Gwarzo da ta Kabo a baza a tabarma kusa da sauran.